Yadda Bankin Garin Elkhart Ya Rushe Cikin Mako Takwas

Ran Jumma'a, 28 ga watan Yuli, 2023, hukumar da take lura da bankuna a Jihar Kansas ta ƙasar Amurka ta rufe wani ƙaramin banki mai suna Heartland Tri-State. Da gari ya waye ran Litinin, sai aka buɗe ƙofofinsa kamar kullum, amma da sunan wani banki dabam. Ba 'yan fashi ne suka shiga da bindiga ba, ba kuwa fari ne ya hana manoma biyan bashi ba. Mutumin da gari duka ya amince da shi, shi ne ya kwashe dala miliyan 47.1 daga bankin, ya aika wa waɗansu mutanen da bai taɓa gani da idonsa ba.

Labarin nan ya faru a nesa da mu ƙwarai, amma duk wanda ya taɓa ba wani ajiyar kuɗi, ko aka taɓa ba shi, zai ga abin da ya shafe shi a ciki. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo muku shi daga farko har ƙarshe.

Garin da kowa ya san kowa

Elkhart ƙaramin gari ne a Gundumar Morton, can a kusurwar kudu maso yammacin Kansas. Mutanensa wajen 1,900 ne. Garin yana bakin iyakar Jihar Oklahoma, Jihar Kolorado kuma ba ta da nisa. Haɗuwar jihohin nan uku ita ce ta sa aka sa wa bankin sunan da yake nufin jihohi uku. Ƙasar fili ce shimfiɗaɗɗiya, ruwan sama kaɗan ne, iska kuwa da yawa. Mutane suna noman alkama da masara da dawa, suna kiwon shanu. Kakanninsu sun sha wuya a shekarun 1930, lokacin da fari da guguwar ƙura suka cinye gonaki, har mutane da yawa suka yi ƙaura. Waɗanda suka zauna sun koyi abu guda, wato dogara ga juna.

A irin wannan gari banki ya wuce wurin ajiye kuɗi kawai. Shi ne yake ba manomi rancen iri da taki, ya jira shi har kaka. Shi ne yake ba saurayi rancen sayen motar noma ta fari. Ma'aikatan banki 'ya'yan gari ne, masu ajiya kuma maƙwabtansu ne. Bankin Heartland yana da rassa 4, dukiyarsa gaba ɗaya wajen dala miliyan 139, ajiyar jama'a kuwa wajen dala miliyan 130. A ma'aunin Amurka wannan ɗan ƙaramin banki ne sosai.

Shugaban bankin, Shan Hanes, ya yi shekaru da yawa yana aiki a wurin. Ya fara daga ba manoma rance, ya yi ta hawa har ya zama shugaba. Shi ne kuma ya ƙarfafa waɗansu mutanen yankin su haɗa kuɗi su mallaki bankin, domin kada ikonsa ya zauna a hannun baƙi na nesa. Sunansa ya wuce garinsu. Ya taɓa shugabantar ƙungiyar ma'aikatan banki ta Jihar Kansas, ya kuma taɓa tsayawa a gaban 'yan majalisar dokokin Amurka yana bayani a kan bukatun bankunan karkara. A gida kuwa mutum ne mai iyali, mai zuwa sujada, wani lokaci har yakan yi wa'azi a ikkilisiyarsu. In da za a tambayi mutanen Elkhart wa za su ba ajiyar gadon marayu, da yawa sunansa za su fara kira.

Yadda aka kafa masa tarko

A watan Disamba na 2022 Hanes ya fara sayen kuɗin intanet da ake kira kirifto. Wannan kuɗi ba takarda ba ne, ba kuma ƙarfe ba. Lissafi ne kawai da yake cikin kwamfuta, ana saye ana sayarwa, darajarsa tana hawa tana sauka. Waɗansu mutane ne da yake magana da su ta WhatsApp suka jawo shi ciki, suka nuna masa inda zai zuba kuɗinsa su haihu.

Irin wannan zamba tana da suna. Masu yinta suna kiranta kiwon alade don yanka, sunan kuwa daga harshen Sinanci ya fito. Ga yadda take tafiya. Da fari za a yi abota da mutum a hankali, ba gaggawa, ba roƙo. Sa'an nan a nuna masa wata hanyar ciniki. Ya sa kuɗi kaɗan, sai ya duba wayarsa ya ga sun ninka. Amma lambobin da yake gani ƙarya ne, 'yan damfarar ne suke rubuta su yadda suka ga dama, gama kuɗinsa tuni sun wuce zuwa wani wuri. Da ya ga riba sai ya ƙara. Ranar da ya ce zai ciro kuɗinsa, sai a ce masa akwai haraji, ko kuɗin tabbatarwa, ko kuwa asusun ya kulle, tilas ya ƙara zuba wani abu kafin a buɗe. Ya biya, a kawo wani dalili. Haka za a yi ta tatsarsa har ya ƙare.

Wannan ba aikin yaro ɗaya mai wayo ba ne. Manyan ƙungiyoyin masu laifi ne suke gudanar da shi, da yawa daga kudu maso gabashin Asiya. A watan Agusta na 2023 ofishin kare hakkin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoto cewa aƙalla mutum 120,000 a ƙasar Myanmar, da wajen 100,000 a Kambodiya, ana tsare da su ana tilasta musu yin zamba ta intanet. Da yawa an yaudare su ne da alkawarin aiki. Hukumar bincike ta Amurka, wato FBI, ta ce ƙarar da aka kai mata a shekarar 2023 kaɗai a kan zambar kirifto ta kai hasarar fiye da dala biliyan 5.6.

Daga aljihunsa zuwa asusun ikkilisiya

Da fari kuɗin kansa Hanes ya zuba. Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce an cuci bawan Allah, mu tausaya masa. Amma da nasa suka ƙare, sai ya miƙa hannu ga abin da ba nasa ba. Ya ɗauki dala 40,000 daga kuɗin ikkilisiyarsu. Ya ɗauki dala 10,000 daga wata ƙungiyar zuba jari ta mutanen garin. Ya ɗauki dala 60,000 daga kuɗin da aka tara domin karatun 'yarsa a jami'a. Babu wanda ya lura da wuri, domin babu wanda ya ga dalilin dubawa.

Daga watan Mayu na 2023 ya juya kan bankin kansa. Tsakanin Mayu da Yuli, cikin wajen mako takwas, ya sa aka aika da kuɗi ta waya har sau 11. Akwai aiken da ya kai dala miliyan 10 a tashi guda. Ba da hannunsa yake aikawa ba, ma'aikatansa yake umarta, yana faɗa musu dalilan da ba gaskiya ba. Da kuɗin da suke hannu suka kasa, sai bankin ya ciwo rance daga waje aka cika. Jimla dala miliyan 47.1, wato wajen kashi ɗaya cikin uku na dukan dukiyar bankin.

Mai karatu zai tambaya, to, ina dokokin banki? Dokoki suna nan a rubuce. Akwai iyakar abin da za a iya aikawa, akwai kuma ƙa'idar kai rahoto ga hukuma in an ga kuɗi suna tafiya ta hanyar da ba a saba ba. Bayan rushewar, ofishin babban mai bincike na Babban Bankin Amurka ya bi diddigin abin, ya fitar da rahoto a farkon 2024. Abin da ya gano shi ne, ikon da Hanes yake da shi a bankin, da girman da yake da shi a gari, su ne suka sa ma'aikata suka ji nauyin yi masa tambaya ko kai ƙararsa. Suka ƙetare ƙa'idodin da aka kafa domin maganin irin wannan rana. Ka tuna, waɗannan mutane tare suke sujada da shi, 'ya'yansu makaranta ɗaya suke zuwa. Wa zai dubi idon maigida ya ce masa, "Ban yarda ba"?

Maƙwabcin da ya faɗi gaskiya

Ran 5 ga Yuli, Hanes ya nemi ganin wani maƙwabcinsa, manomi ne mai harkoki da dama, mai ajiya kuma a bankin. Ya nuna masa wayarsa, ya ce yana da dukiya mai yawa a asusun kirifto, amma sai an zuba wani kuɗi kafin ta fito. Ya roƙe shi rancen dala miliyan 12, ya yi alkawarin mayarwa da sauri har da riba. Manomin nan ya saurara, sa'an nan ya faɗa masa a fili cewa zamba ce ya faɗa ciki, ya rabu da ita. Bai ba shi ko kwabo ba.

Ga faɗakarwa ta zo daga bakin aboki. Amma Hausawa sun ce kunne ya ƙi ji, jiki ya sha wuya. A ranar nan ɗin Hanes ya sa aka aika da dala miliyan 8 daga bankin. Bayan kwana biyu aka ƙara aika dala miliyan 4.4. Wato fiye da dala miliyan 12 sun fita bayan an riga an gaya masa gaskiya.

Manomin bai yi shiru ba. Da ya ga abin ya wuce hasarar mutum ɗaya, sai ya sanar da wani cikin hukumar gudanarwar bankin. Hukumar ta zauna, ta kira Hanes. Har a gabansu bai daina cewa in an ƙara samo masa kuɗi, kome zai dawo ba. Daga nan magana ta kai ga hukumomin jiha da na tarayya. Masu bincike suka zo, suka duba littattafai, suka tarar bankin ba shi da abin da zai biya bashin da yake kansa. Kwamishinan bankuna na Kansas, David Herndon, ya ba da umarnin rufe shi. Shi ne banki na huɗu cikin biyar da suka rushe a Amurka a shekarar 2023. Ukun da suka riga shi, wato Silicon Valley da Signature da First Republic, manya ne na birane, abin da ya kayar da su kuma dabam ne.

Wa ya yi hasara, wa ya tsira?

A nan ya kamata mu bambanta mutane iri biyu, domin da yawa cikinmu mukan haɗa su. Akwai mai ajiya, wato wanda ya kai kuɗinsa banki domin a adana masa, ya karɓa duk ran da ya so. Akwai kuma mai hannun jari, wato wanda ya sa kuɗinsa aka kafa bankin ko aka saye shi. Shi yana cikin masu bankin. In an ci riba a raba da shi, in an faɗi kuwa shi ne na ƙarshe da za a biya, in har wani abu ya ragu.

Masu ajiya a Heartland ba su yi hasarar ko sisi ba. Tun 1933, bayan da dubban bankuna suka rushe a Amurka, aka kafa hukumar inshorar ajiya da ake kira FDIC. Bankuna ne suke biyan kuɗin inshorar a kai a kai, hukumar kuma ta tsaya wa kowane mai ajiya har dala 250,000 a banki guda. Da aka rufe Heartland, FDIC ta karɓi ragamarsa, ta shirya da wani banki na garin Syracuse a Kansas, mai suna Dream First, ya ɗauki dukan ajiyar jama'a. Shi ya sa ran Litinin, 31 ga Yuli, manomi ya iya zuwa ya ciri kuɗinsa kamar babu abin da ya faru. A lokacin FDIC ta kimanta cewa abin zai ci wa asusun inshora wajen dala miliyan 54.2.

Masu hannun jari kuwa babu inshorar da ta rufe su. Su wajen 30 ne, abin da suka zuba kuma ya haura dala miliyan 8. Ba attajiran birni ba ne. Manoma ne, da ma'aikata, da tsofaffin da suka bar aiki. Waɗansu a hannun jarin nan suka sa yawancin abin da suka tara domin tsufansu, da abin da suke fatan bar wa 'ya'ya da jikoki. Suka kwana da dukiya, suka tashi da takardar banza. Abin da ya fi yi musu ciwo kuwa, wanda ya yi musu haka ba baƙo ba ne.

A gaban alƙali

A watan Fabrairu na 2024 gwamnatin tarayya ta shigar da ƙarar Hanes bisa laifin sama da faɗi da kuɗin banki alhali yana jami'in bankin. Mafi girman hukuncin wannan laifi shi ne shekara 30 a kurkuku. Mai gabatar da ƙara na Gundumar Morton shi ma ya shigar da tasa ƙarar a kotun jiha. A watan Mayu na 2024 Hanes ya amsa laifinsa a kotun tarayya, saboda haka ba a yi doguwar shari'a ba. Abin da ya rage shi ne yanke hukunci.

Ran 19 ga Agusta, 2024, aka zauna a kotun tarayya ta birnin Wichita, a gaban Alƙali John Broomes. Mutanen Elkhart suka yi doguwar tafiya suka zo, waɗansu suka tsaya suka faɗi abin da ya same su. Lauyan Hanes ya roƙi sassauci, yana cewa shi ma cutarsa aka yi, kuɗin kuma ba a hannunsa suka tsaya ba. Hanes ya ba da haƙuri, ya ce bai yi nufin cutar kowa ba.

Maganar lauyan nan tana da gaskiya a cikinta, amma ba ita ce dukan gaskiya ba. Hakika an yaudari Hanes. Bai gina gida da kuɗin ba, bai gudu da su ba. Sai dai shari'a ba ta hukunta shi domin an yaudare shi ba. Ta hukunta shi ne domin ya ɗauki abin da aka ba shi amana, ya yi ƙarya ga ma'aikatansa da abokan aikinsa domin ya rufe sawunsa, ya kuma ci gaba bayan an gargaɗe shi. Wanda ya yi caca da kuɗinsa ya faɗi, wawa ne. Wanda ya yi da kuɗin ajiya, ko da ya yi niyyar mayarwa gobe, ya riga ya ci amana tun ranar da ya taɓa su.

Masu gabatar da ƙara sun nemi a ɗaure shi wata 264. Alƙali ya ga bai isa ba, ya yanke masa wata 293, wato shekara 24 da wata 5. Hanes yana da shekara 53 a lokacin. Waɗanda suka kafa masa tarkon kuwa ba su tsaya a gaban kotun nan ba.

Abin da aka ƙwato

Mutanen Elkhart sun koma gida suna ganin kuɗinsu sun tafi ke nan. Amma jami'an FBI ba su daina bin sawu ba. Kuɗin kirifto yana da wata ɗabi'a, duk inda ya bi yakan bar alama a littafin lissafin da yake buɗe ga masu iya karanta shi, ko da yake sunan mai shi ba ya fitowa. Masu bincike suka bi wannan alama har suka kai ga wani asusu mai ɗauke da kuɗin kirifto na kamfanin Tether, aka kulle shi, aka ƙwato wajen dala miliyan 8.

To, sai tambaya ta taso, wa za a ba? Ga FDIC wadda ta ɗauki hasarar dala miliyan 47.1, ga kuma masu hannun jari su 30. In an raba bisa ga yawan hasara, kusan duka hukumar za ta kwashe, talakawan nan su sami ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ran 4 ga Nuwamba, 2024, Alƙali Broomes ya sake zama. Ya dubi halin da mutanen suke ciki, ya yanke cewa su za a fara biya. Ya bi su ɗaya ɗaya yana faɗa wa kowa cewa za a mayar masa da abin da ya zuba cif. 'Yan jarida da suke wurin sun ba da labari cewa mutane sun fashe da kuka a cikin kotun, kukan farin ciki.

Kada mai karatu ya ɗauka haka abin yakan ƙare kullum. Dala miliyan 8 wajen kashi ɗaya ne cikin shida na abin da aka kwashe. Saura ya tafi. Yawancin waɗanda irin wannan zamba take cinyewa ba sa ganin ko kwabo. Akwai kuma abin da kotu ba ta da ikon mayarwa. Garin ya rasa bankin da mutanensa suka mallaka da kansu. Iyalin Hanes sun rasa maigida, ga kunyar da ba su suka jawo ba. Ikkilisiya kuma ta ga mutumin da ya tsaya a gabanta yana koyarwa ya sa hannu cikin baikonta.

Abin da ya shafi gidajenmu

Mu ma muna da ƙananan bankuna, da ƙungiyoyin gama kai, da adashi, da asusun zumuntar mata, da kuɗin ginin majami'a. Dukansu a kan amana suke tsaye, kamar bankin Elkhart. Ga waɗansu abubuwa da labarin nan yake koya mana.

Na fari, ka san inda kuɗinka suke kwana. A Nijeriya akwai hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda aka kafa a 1988. A shekarar 2024 ta ƙara yawan abin da take tsaya wa mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna, da naira miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa. Wannan ba zancen banza ba ne, gama a watan Mayu na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin irin waɗannan ƙananan bankuna har 179. Kafin ka kai ajiya, ka tambaya ko wurin yana da lasisi, ko kuma inshora ta rufe shi. Adashi da kuɗin da aka ba mutum ya riƙe a gida ba su da wannan kariya. Hannun jari ma ba shi da ita, saboda haka kada ka sa dukan tanadin tsufanka a wuri ɗaya, ko da wurin na ɗan'uwanka ne.

Na biyu, kada kuɗin jama'a su zauna a hannun mutum ɗaya, kome kirkinsa. A sa mutum biyu ko uku su sa hannu kafin a ciri kuɗi. Wanda yake ƙirga baiko kada ya zama shi ne mai rubutawa, shi ne kuma mai kaiwa banki. A riƙa karanta takardar banki ta ainihi a gaban kwamiti, ba abin da ma'aji ya kwafa a littafinsa kaɗai ba. Waɗansu sukan ce wannan rashin yarda ne, ko kuwa raini ne ga dattijo. Ba haka ba ne. Binciken lissafi yana tsare ma'aji daga jaraba, yana kuma wanke shi daga zargi. Da an tsai da Hanes tun a kan dala 40,000 na ikkilisiya, da ya sha kunya, amma wataƙila da bai kai ga bankin ba, da kuma bai kai ga shekara 24 a kurkuku ba.

Na uku, in kai ƙaramin ma'aikaci ne, aka umarce ka ka yi abin da ya saɓa wa ƙa'ida, girman mai umarnin ba zai mai da shi daidai ba. Ka tambaya da ladabi, ka nemi a rubuta, ka sanar da wanda ya kamata. Ma'aikatan Heartland ba ɓarayi ba ne, kunya da biyayya ne suka ɗaure musu baki. Maƙwabcin nan da ya ƙi ba da rance, ya kuma kai magana gaba, shi ne ya yi wa garin aikin ƙauna, ko da yake a ranar ba daɗi.

Na huɗu, ka san alamar tarko. Baƙon da ya same ka ta waya ya yi maka alkawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci, ka yi hattara da shi. Wanda ya ce kada ka gaya wa matarka ko mijinki, ka ƙara hattara. In kuwa aka ce sai ka biya kuɗi kafin a sakar maka kuɗinka, to, ka tabbata babu kuɗin, kada ka ƙara ko anini. Mutanenmu da yawa sun ɗanɗana wannan a MMM a ƙarshen 2016, waɗansu kuma a CBEX a watan Afrilu na 2025. Kada kowa ya ce shi ya fi ƙarfin a yaudare shi. Hanes ya yi shekaru yana aikin banki, ya san lissafi fiye da yawancinmu. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, bai kuwa bar mai ilimi ba.

Na ƙarshe, ga wanda ya riga ya faɗa. Wataƙila akwai mai karanta wannan da ya taɓa kuɗin ƙungiya, yana cewa a ransa zai cika kafin a gane. Abin da ya hallaka Hanes ba hasarar fari ba ce, ƙoƙarin ɓoye ta ne. Kowane aike ya yi shi ne domin ya ceto na baya, rami kuwa yana ta ƙara zurfi. Ka tsaya yau. Ka sami dattijo mai riƙon asiri, ka faɗi adadin da gaskiya, a shirya yadda za ka biya. Kunyar yau tana da nauyi, amma mutum yana iya ɗaukarta ya ci gaba da zama cikin 'yan'uwansa. Ta gobe ba a san girmanta ba.